Jirgin da Ba Ya Cikin Ƙirge

Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin abin da na sa makon jiya, ta ce ita labarin soyayya ta zo karantawa, ba ƙorafin tsoho ba. Na gode, 'yata. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da adabi a sakandare, kuma duk labarin soyayyar da na taɓa sa yara su haddace, in kin kankare shi ƙorafin tsoho za ki tarar a ƙasa. Ki gyara zama. Yau akwai mace a ciki. Mata biyu ma, sai dai ɗaya ta rasu.

Ga waɗanda yau suka fara: sunana Hamud, ana ce mini Bu Dalal saboda 'yata tilo da ke aure a Jahra. Ni ne magatakardan ƙungiyar masu jiragen ruwa na gudu ta tasharmu a Fahahil. Asabar ɗin farko ta kowane wata mukan fita a jere zuwa tsibirin Kubbar, a ci abinci, a yi ƙaryar gudun inji, a dawo kafin la'asar. Muna da al'ada ɗaya da ta girmi yawancinmu. Duk jirgin da zai fita sai an rubuta shi a takarda. In an rubuta ka, a ba ka tuta mai lamba da oba-oba guda. A bakin tasha a kira sunan jirginka ka amsa, a tsibiri a sake kira. In jirgi ɗaya bai amsa ba, ba mai buɗe tukunya, kowa ya koma ruwa nema.

Akwai kuma doka ta biyu: jirgin da tsawonsa bai kai ƙafa talatin ba, ba ya shiga takarda. Wannan ni na rubuta ta, shekara shida da suka wuce, wata biyu bayan mun binne matata Sabika.

Ranar Lahadi yayata Hissa, wadda ake ce wa Umm Barrak, ta zo. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, tana da makulli tun ranar zaman makoki kuma ta ƙi mayarwa. Ta shigo da tukunyar shinkafa da kaza, abayarta na sharar ƙasa, ƙamshin turaren wuta na biye da ita kamar ɗan rakiya.

"Gidan nan warin takarda yake," ta ce. "Tsakaninka da littattafan nan ban san wa zai riga ruɓewa ba."

"Su an yi musu bango mai kauri, Yaya."

Ta ture littattafai uku daga kujera ta zauna. Idonta ya tafi inda yake zuwa kullum, bayan ƙofa, inda malafar Sabika ke rataye, mai ɗaurin shuɗin ƙyalle, wadda take sawa in za mu teku.

"Shekara shida, Hamud. Ƙusar ma ta gaji."

Na zuba mata gahawa.

"Akwai wata, Lulwa. Tana da kantin magani a Mangaf. Mijinta ya rasu shekara huɗu. Ba yarinya ba ce, ba ta da surutu, haƙoranta duk nata ne. Kuma tana da jirgi, irin haukarka."

"Ba na neman mata."

"Wa ya tambaye ka? Ci abinci."

Ranar Talata da hantsi na je tasha duba mai. Jirgina na yanzu ƙafa arba'in da biyu ne, injuna huɗu, baƙi wuluk. Ba na son sa. Na saye shi ne don kada wani ya sake wuce ni a teku. Ina tafe a kan gadar katako sai na ga an ɗaure wani ƙaramin farin jirgi a gurbin da ya daɗe babu kowa. Inji ɗaya. Rumfar shuɗin tamfol. Lotsawa a gefen hagu, daidai inda na taɓa bugun ginshiƙi ina koyon juyawa, Sabika na dariya har da riƙe ciki.

Na sayar da jirgin nan ta hannun dillali, na ce kada ya gaya mini wa ya saya. Na ɗauka an kai shi Basra ko an farfasa. Ga shi nan yana lilo a ruwa, kuma sunan na nan a jikinsa, da rubutun hannuna: Sabika.

"Kai ne Bu Dalal mai doka?"

Mace ce a tsugune a ciki tana naɗe igiya. Mayafi ruwan toka ɗaure tam, doguwar riga mai hannu, takalmin roba, tabarau a saman goshi. Ta naɗe igiyar yadda ya kamata, abin da rabin 'yan ƙungiyarmu ba su iya ba.

"Ni ne. Ke ce mai haƙora?"

Ta dube ni, sai ta fashe da dariya. "Umm Barrak ta riga ni zuwa ke nan. Allah Ya shirya mana yayarka. Ni ba don wannan na zo ba, malam. Fita nake so in yi da ku ranar Asabar."

"Ƙafa nawa ne?"

"Ka fi ni sani."

Ta sani ke nan. Na kalli sunan, ta ga ina kallo.

"Dillali ya ce in goge," ta ce, murya ƙasa. "Kakana mai nutso neman lu'ulu'u ne. A gidanmu ba a canza wa jirgi suna. In ya dame ka in rufe shi da tawul."

"Ƙafa ashirin da biyu ne. Ba ya shiga takarda. Doka ce."

"An ce samarinku na so a buɗe wa ƙanana."

"Samari na son abubuwa da yawa."

Ta miƙe ta karkaɗe hannu. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi.

"To shi ke nan. Teku dai ba ta ƙungiya ba ce. Kada ku rubuta ni. Zan bi ku a baya a hankali, ba wanda zai ma san ina nan."

Sai da na dafa ginshiƙi. Ta tambaye ni ko hawan jini gare ni, na ce rana ce.

Yanzu ku saurara, don abin da zan faɗa ban taɓa gaya wa Hissa ba, ban gaya wa Dalal ba.

Labarin da kowa ya sani a tasha shi ne: shekara shida da suka wuce ƙungiya ta fita, ta bar ƙaramin jirgi a baya, injinsa ya mutu a tsakiyar teku, Bu Nawwaf shugabanmu, wanda sunansa na yanka Jarrah, ya yi ƙirge a tsibiri ya ce an cika, aka zauna cin abinci, matar mai jirgin kuwa zuciyarta ta tsaya kafin masunta su tsinto su. Duk wannan gaskiya ne. Ga abin da ya ɓace a ciki.

Da safen nan Bu Nawwaf ya tare ni a kan gada da takarda a hannu, tuta da oba-oba a hammata. Ya ce, "Malam, kawo sunan jirginka." A bayansa samari biyu na kallon ɗan injina suna murmushi. Ɗaya ya ce, "In an rubuta wannan, sai magariba za mu ci abinci." Ni kuwa malamin makaranta ne da ya yi shekara tara yana tara kuɗi kafin ya sayi jirgi. Kunnena ya yi zafi. Na ce wa Bu Nawwaf, "Kada ku rubuta ni. Zan bi ku a baya, ba wanda zai san ina nan." Ya matsa, na ƙi. Ya miƙo oba-oba, na ce ina da waya.

Da na shiga jirgi Sabika ta ce, "Ka rubuta mu?"

Na ce, "Na rubuta."

"Ina tutar?"

"Ta ƙare."

Rabin hanya injin ya yi tari biyu ya mutu. Waya ba ta kamawa a wurin. Sabika ba ta damu ba. Ta gyara malafa, ta ciro dabino, ta ce, "Za su ƙirga su ga babu mu." Bayan sa'a guda ta ce hannunta na hagu ya yi nauyi. Na shimfiɗa ta a ƙarƙashin rumfa, ta ƙi kwanciya, ta ce in jingina ta ta fuskanci gabas don ta riga ni ganin su. Haka ta zauna tana kallon inda Kubbar yake. Sau uku ta ce, "Yanzu sun gama ƙirge." Sau uku na ce, "Sun gama." Na ƙarshe ba da ƙarfi ta faɗa ba.

Ta rasu tana jiran mutanen da ba su san ana jiransu ba.

A wurin ta'aziyya wani ya ce ƙungiya ta yi sakaci, ban gyara masa ba. Bu Nawwaf na zaune a gefe ya ji, ya sunkuyar da kai, bai gyara ba shi ma. Daga ranar na gane zai ɗauke mini kayan, ni kuma na bar masa. Sannan na rubuta doka na kori ƙananan jirage, don kada in sake ganin mai kama da ni a kan gada. Na karanta littattafai masu yawa a kan mutanen da suka yi abin kunya. Yawancinsu marubucin kan tausaya musu a babin ƙarshe. Ni ban ga dalili ba.

Laraba na nemi lambar Lulwa a wurin Hissa, wadda ta yi guɗa a waya har na nisanta ta daga kunne. Na rubuta:

"Kada ki fita ranar Asabar."

Ta amsa bayan minti biyu. "Wa'alaikumus salam."

"Salamu alaikum. Kada ki fita."

"Umarni ne ko doka ta uku?"

"Injin nan yana shan ruwa a mai."

"Na canza injin bara. Na canza tankin. Abin da ban canza ba suna ne, da wani abu ɗaya."

"Me?"

Ta karanta, ba ta amsa ba. Na zauna ina kallon alamar shuɗi biyu kamar yaro ɗan sha bakwai, abin da ya ba ni haushi fiye da komai. Can sai ga wani saƙo: "Zan fita, Bu Dalal. Shekara huɗu ina zaune a bayan kanta ina ba mutane maganin barci. Ko da takarda ko babu."

Alhamis bayan magariba ƙungiya ta haɗu a diwaniyar Bu Nawwaf, wato zauren baƙinsa. Kujeru jere da bango, fararen riguna fes, carbi na ƙara, shayi na zagaye. Bu Nawwaf ya tsufa a shekarun nan fiye da yadda ya kamata. Gemunsa ya yi fari tas, kuma tun waccan ranar bai sake yin ƙirge da bakinsa ba, ni ya bar wa.

Mishal, ɗaya daga cikin samarin, mai sayar da motoci, ya sake tayar da maganar da yake tayarwa duk wata.

"Jama'a, mu goma sha tara ne, shekara uku ba mu ƙaru ba. Rabin tashar nan ƙananan jirage ne. A buɗe musu. Su tashi rabin sa'a kafin mu, a sa babban jirgi ɗaya ya rufe musu baya."

"Wa zai rufe bayan?" wani ya ce. "Kai? Injuna uku ka saya don ka yi rarrafe?"

"Ni matata na jira na da rana."

"Matarka na addu'a ka daɗe!"

Aka yi dariya. Sannan, kamar kullum, duk suka juyo gare ni. A nan ne nakan ce, ku tambayi Bu Nawwaf yadda ake ƙirga ƙananan jirage, shi ya sunkuyar da kai, magana ta mutu. Na ga ya riga ya fara sunkuyarwa.

Na ajiye kofin shayi.

"Bu Nawwaf ya zo mini da takarda ranar nan," na ce. "Da tuta, da oba-oba. Ni na ƙi. Na ji kunyar jirgina. Na ce wa matata na rubuta mu, ban rubuta ba. Ƙirgensa daidai ne. Shekara shida ƙirgensa daidai ne."

Carbi ya tsaya. Wani ya ce la haula a hankali.

Bu Nawwaf bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza gefen rigarsa. Da ya yi magana, muryarsa a dishe take.

"Da na matsa maka sau uku, malam. Sau biyu na yi."

"Kada ka ƙwace mini wannan ma, Jarrah. Nawa ne."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa jajir. "Kai dai mugun tsoho ne."

"Na sani. A soke dokar. Ni zan rufe baya."

Mishal ya buɗe baki, na ce, "In ka yi tafi zan fasa."

Na rubuta wa Lulwa layi ɗaya: "Lambarki ashirin. Ki zo ƙarfe bakwai ki karɓi tuta." Ta aiko da hoton babban yatsa. Mace mai shekara arba'in da bakwai.

Asabar ta waye ruwa kwance kamar faranti. Ƙananan jirage shida suka zo, labari ya bazu. Wani tsohon ma'aikacin kamfanin mai da 'ya'yansa mata, wasu 'yan'uwa biyu masu jirgi ja, da sauransu. Sun tsaya a rakuɓe a ƙarshen gada, suna kallon manyan jirage kamar baƙi a gidan biki. Na san tsayuwar nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da takarda. Tsohon ya ce, "Mu ba sai an rubuta mu ba, kada mu ɓata muku lokaci." Na ce, "Hajji, ko ka ba ni suna ko in kwance maka inji." Ya bayar.

Sannan na shiga jirgina na ɗauki oba-oba na fara kira. Sha tara na farko na san su kamar sunayen ɗalibai. Na zo ashirin. Na ga rubutun a takarda. Yatsana na kan maɓalli.

"Lamba ashirin," na ce.

Muryar Bu Nawwaf ta shigo. "Da suna ake kira, magatakarda."

Na rufe ido.

"Sabika."

Ƙara ta ɗan yi shuu. Sai muryar mace: "Na'am. Ina nan."

Ban san yadda na kira sauran biyar ba.

Muka tashi. Ƙananan a gaba, ni a bayansu da injuna huɗu suna gurnani kamar an ɗaure su. Rabin sa'a sai manyan suka zo suka wuce ta nesa, Mishal ya ja su can gefe don kada igiyar ruwansu ta jijjiga ƙananan, abin da ban zaci yana da hankalin yi ba. Biyar ɗin suka yi gaba a hankali. Farin jirgin ne na ƙarshe, rumfarsa na kaɗawa. Daga inda nake ba na ganin fuska, bayan mace kawai nake gani a ƙarƙashin shuɗin tamfol. Na yi ta gaya wa kaina mayafin ruwan toka ne, ba malafa ba.

Rabin hanya, farin jirgin ya rage gudu. Ya tsaya. Injin ya yi shiru.

Ban san na yi ihu ba sai da na ji maƙogwarona. Na isa gefenta na kusa bugun ta. Tana tsaye lafiya lau, igiya a hannu. Ta jefo mini, na cafe.

"Me ya faru? Man ne? Ƙirjinki?"

"Ni na kashe shi."

Ta nuna 'yar na'urar nuna hanya da ke gefen sitiyari. Tsohuwar tawa ce, gilashinta ya dushe.

"Abu ɗayan da ban canza ba," ta ce. "Akwai alama guda a ciki, ba suna, a tsakiyar ruwa inda babu komai. Shekara biyu ina ganin ta. Na ce wanda ya danna ta yana da dalili. Nan ne?"

Na duba. Ruwa ne kawai, kore, da hasken rana a kai. Gabas, can nesa, hasumiyar Kubbar kamar tsinke. Ashe ana hango ta daga nan. Ashe abin da take kallo ke nan.

"Nan ne."

"To yi mata addu'a. Ni zan juya baya."

Ta juya. Na ɗaga hannu. Na yi wa Sabika addu'a a masallaci, a maƙabarta, a kan tabarma, amma ban taɓa gaya mata ba. Na ce, ban rubuta mu ba, Sabika. Tutar ba ta ƙare ba. Na faɗa da ƙarfi, don teku ba ta jin raɗa. Ba abin da ya amsa. Jiragen biyu suka ci gaba da gugar juna a hankali.

Da na sauke hannu Lulwa ta juyo. Ba ta yi kamar ba ta ji ba.

"In goge alamar?"

"Bar ta tukuna."

"To." Ta sauke tabarau kan idonta. "Tambaya ɗaya, tunda ba mai jin mu. Yayarka ta je wurin mahaifiyata jiya da tiren zaƙi da turare. Kai ka aike ta?"

"Ban aike ta ba."

"Na yi zato."

"Ba na aike. Hissa ce ke aiken kanta."

"Na ji. In ce wa tsohuwa a mayar da tiren ke nan?"

Kafin in sami abin faɗa, ni da na koyar da magana shekara talatin da ɗaya, oba-oba ya yi ƙara. Bu Nawwaf ne. Da bakinsa.

"Bu Dalal, Bu Dalal. Na ƙirga ashirin da uku. Sauran jirgi biyu. Tukunya a rufe take, Mishal na kuka. Kuna ina? Ku nawa ne a can baya?"

Na kalli kujerar da ke ƙarƙashin rumfa, wadda ke fuskantar gabas. Shekara shida duk inda na zauna da mutum, da ita nake ƙirgawa. Kujera ce, da tawul a kai da kwalbar ruwa.

Na danna maɓalli.

"Mu biyu ne, Jarrah. Lafiya lau. Ku jira mu."

Na ajiye. Lulwa na tsaye, bakin igiya ɗaya a hannunta, ɗayan a nawa.

"Tiren fa?" ta ce.

Injinta a kashe, nawa huɗu na jira. Sakin igiya ba ya ɗaukar daƙiƙa guda, na koya wa mutane da yawa. Na duba hannuna, sai na ga na riga na naɗa ta sau biyu a wuyan hannu.